Tagar Da Ba Ta Buɗuwa

Da faɗa suka fara, kuma ita ce mai gaskiya.

A kamfanin da Auta take aiki akwai wani ɗaki da ko manaja ba ya shiga sai ya sauya takalmi ya rufe kansa. A nan ake haɗa tagogi masu gilashi uku: biyu masu kauri a gefe, ɗaya siriri a tsakiya wanda bai fi katin banki kauri ba. A cika tsakaninsu da gas, a liƙe gefen da gam. Zafi ba ya ratsa irin wannan taga, sanyi ba ya ratsa ta, ƙara ma sai dai ta tsaya a waje. Amma idan ƙwayar ƙura ɗaya ta shige kafin a liƙe, to ta sami wurin zama ke nan har abada, mai gida zai yi ta goga da tsumma a banza.

Auta ce mai ɗora na tsakiyar, don duk kamfanin babu mai sanyin hannunta. Ranar ta wanke gilashinta tas, ta ɗago shi a hankali, sai ta ji ƙurus ƙurus a bayanta. Tana waiwayawa ta ga wani dogon saurayi, takalminsa duk siminti, ya tsaya yana cin biskit, ɓurɓushi na zuba.

"Malam! Wa ya ba ka izinin shigowa nan?"

"Ai ƙofar a buɗe na gan ta."

"Rijiya ma a buɗe take, me ya hana ka faɗawa?"

Ya dubi biskit ɗin hannunsa, ya dube ta, ya fita da baya da baya yana ba da haƙuri. Ita kuwa sai da ta sake wanke gilasai uku tun daga farko, tana yi tana tsaki. Da ta tambayi ko wane ne wannan marar kan gado, aka ce sabon mai ɗaura tagogi ne, Dogo ake ce masa, kaya ya zo ɗauka ya ɓata hanya.

Washegari ta ɗaga kai ta hango shi a bakin ƙofar, ya cire takalman ya ɗaga su sama da hannu biyu kamar wanda aka kama da kayan sata. Ta yi niyyar haɗe rai, dariyar ta riga ta.

Ba ta san wanda ya ba shi lambarta ba. Da yamma dai saƙo ya shigo:

"Na daina cin biskit. Na daina shiga wuri ba sallama. Saura ki daina harara."

Ta mayar masa: "Mai biskit, harara gadonmu ce. Ka yi haƙuri da ita ko ka nemi wani kamfanin."

"Zan yi haƙuri da ita har in tsufa, in kin yarda."

Daga nan ruwa ya sami hanya. Shi yana can saman tsani yana ɗaura abin da hannunta ya haɗa, ita tana nan tana jiran lokacin hutu ta duba waya. Yakan ɗauko hoton taga ya turo mata: "Autata, dubi 'yarki, ta zauna daram. Matar gidan ta ce tun da ta tare ba ta taɓa jin sanyin ɗaki irin na yau ba. Na ce mata hannun mai albarka ne ya yi." Ita kuma ta ce: "Ka dai riƙe tsanin da kyau. In ka faɗo ba ni da gam ɗin da zai liƙe ka."

Gidan su Auta a bakin titi yake, manyan motoci na wucewa dare da rana, ga injin niƙa a jikin katangarsu. Babanta kafinta ne da ya ajiye aiki tun da gwiwa ta fara ba shi matsala, kuma duk unguwar Baba Kafinta ake kiransa. Ɗakinsu shi da Umma yana da taga ɗaya da ke kallon titi, ta katako ce mai ganye biyu, shi ya yi ta da hannunsa shekarar da aka kawo Umma gidan. Tagar nan ita ce majalisarsa. Da safe zai tura ganyayen, ya jawo kujera, duk mai wucewa ya tsaya su gaisa. Na farkon zuwa kullum shi ne Tela, amininsa tun na ƙuruciya, su yi ta tsiya, wannan ya ce ɗinkin wancan a karkace yake, wancan ya ce kujerun wannan gurguntattu ne.

Gaskiyar magana, tagar ta tsufa. Katakon ya lanƙwashe, ko an rufe ta sai ka zura yatsa ta tsakiya. Amma wa ya isa ya faɗa? Umma kuwa mace ce mai fama da ciwon ɓarin kai. Tun Auta tana ƙarama ta saba ganinta da rana ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta kwanta ta juya wa tagar baya, har kowa ya ɗauka haka Allah ya yi ta.

Ranar da Dogo ya zo gaisuwa, Baba ya kalle shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai aikin da babu zarto babu guduma? Ku murɗa ƙusa da inji ku matsa gam, ku ce kun yi taga?"

"Haka ne, Baba. Mu na baya sai dai mu bi sawu."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce a bari ya ga halin yaron tukuna, don shi ba ya sayen katako sai ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararsa.

Akwai kuma wani da ya daɗe yana shawagi, ɗan Tela ne, mai shagon kemis, wanda kullum yake kawo wa Umma ƙwayar ciwon kai yana leƙen ko Auta tana nan. Ita ko kallo bai ishe ta ba.

Wata safiya Dogo ya kawo mata awon wata taga a kamfani, yana wani murmushi.

"Wannan ta wani babban mutum ce. Ina so ke da kanki ki haɗa ta, kada ki bar wa kowa."

"Wane ne?"

"Za ki sani."

Ta zage ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta duba gilashin a gaban fitila ta sake dubawa, ta bi gam ɗin da ido har kusurwa. Aka sa shi a firam, aka jingine a sito, ya yi kwanaki a can ba a ɗauka ba, har ta manta da shi.

Ana nan aka yi wa Baba rasuwar wani ɗan'uwa a wani gari. Da sassafe aka bugo waya, kafin ta fita aiki har ya kama hanya. Da yamma tana dawowa, tun daga bakin layi ta hango bangon gidansu yana ƙyalli. Ta tsaya cak. Babu ganyayen katako, babu sakata. Gilashinta ne, wanda ta haɗa da hannunta, zaune a ɗakin ubanta.

Ta faɗa gidan ko mayafi ba ta cire ba.

"Umma! Ina tagar Baba?"

Umma tana tsintar wake ba ta ɗago ba. "Yaron nan ne ya zo da mota da kayan aiki. Ni na zaci sun yi magana da babanku."

Wayyo! Auta ta ji kamar ta fasa ihu. Ta kira Dogo, yana ɗagawa ta rufe shi da faɗa.

"Kai wane irin mutum ne? Gidan mutane ma haka kake faɗa masa kamar yadda ka faɗo mini ɗakin aiki? Kuma ka sa ni na haɗa da hannuna, ka mai da ni abokiyar laifinka! Wa ka tambaya?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Autata."

"Haƙuri ba amsa ba ce. Wa ka tambaya?"

"Laifina ne."

Ta kashe wayar.

Da Baba ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya shiga ɗaki. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe. Ya kai hannu ya shafa gefen dama, ya shafa na hagu, ya laluba ƙasa.

"Auta. Ta ina ake buɗe ta?"

Ta ce, "Ba ta buɗuwa, Baba. Irin wadda ba ta buɗuwa ta fi tare zafi da ƙara."

"Tagar da ba ta buɗuwa ai bango ce!"

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Washegari da safe Baba ya zauna a kujerarsa yana huci, ya ba gilashin baya don kada ma ya gan shi. Tela ya zo wucewa, ya tsaya inda ya saba, ya yi sallama. Shiru. Ya ɗaga murya ya yi masa gaisuwar rashi. Shiru. Ga ƙeyar amininsa yana gani, amma ko motsi. Baba kuwa, da ma kunnen ya fara nauyi, ga gilashi uku a tsakani, bai ji ko tari ba. Tela ya gyara hularsa ya wuce. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa: Kafinta ya sami suruki mai kayan zamani, ya shige kwalba, yanzu ko gaisuwar mutuwa ba ya amsawa.

Da zancen ya dawo kunnen Baba, sai da gidan ya girgiza.

"Ni? Ni za a ce na ƙi amsa sallamar Tela? Yaro ya shiga ɗakin kwanana ba na nan, ya ɓamɓare aikin hannuna, ya toshe ni kamar kifin gwangwani, ya haɗa ni da aminina! Wanda bai tambaye ni kafin ya cire mini taga ba, shi zan ɗauki 'ya in ba shi? Ki gaya masa ranar Asabar ya zo ya kwashe tarkacensa ya maido mini da tawa. Daga nan kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan."

Umma tana gefe tana ji, kanta a ƙasa.

Auta ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Haushin Baba take ji, da zai yanke mata rayuwa a kan katako. Haushin Tela take ji, tsoho da gemunsa ya kasa zagayowa ta ƙofa ya tambaya. Amma duk haushin bai kai na Dogo ba, don tana son sa, kuma shi ya jawo. Ta rubuta masa:

"Baba ya ce Asabar ka zo ka cire, kuma shi ke nan tsakaninmu. Ka ji daɗi. Ka faɗa mini dalili ɗaya da zan kare ka da shi, ɗaya tak."

Ya amsa: "Zan zo Asabar. Tagar Baba tana wurina, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. Ba ni da abin faɗa sai dai ina son ki, hasken idona."

"Son da ba shi da baki ba ya aurar da kowa," ta mayar masa, ta jefa wayar ƙarƙashin filo.

Kamar jira yake, sai ga mai kemis da yamma, an sha turare, wai ya zo sasanta iyaye. Da ya gama da Baba ya aika a kira ta. Ta fito don kada a ce ta yi rashin kunya.

"Kin ga irin abin da nake gudar miki ke nan," ya ce yana kaɗa makullin mota. "Masu aikin ƙarfi ba su san ya kamata ba. Ni da za ki ba ni dama, hannun nan ya huta. Ba ke ba kamfani, ba ke ba cuɗanya da maza."

"Hannun nawa ya kawo maka ƙara ne?"

"A'a, ni dai tausayi..."

"To ajiye tausayinka, ka kai wa masu ciwo. Sai da safe."

Ta juya ta bar shi da makullinsa.

A wurin aiki ne abin ya faɗo mata. An kawo wani sabon awo, tana dubawa sai hannunta ya tsaya. Ita ta san yadda ake awon taga. Ba daga titi ake yi ba. Sai an shiga ɗaki, an auna sama da tsakiya da ƙasa, don bangon tsohon gida ba ya miƙewa. Gilashin Baba kuwa ya zauna cif, ko tsinke ba zai shiga ba. Ke nan Dogo ya shiga ɗakin tun kafin ya kawo mata awon, lokacin Baba yana gari. Wa ya buɗe masa? Kuma tafiyar Baba ta gaggawa ce, ita kanta ba ta gaya masa ba. Wa ya sanar da shi a safiyar?

Ta nemi izini ta koma gida da rana tsaka. Injin niƙa yana ta ruri, wata babbar mota na danna hon. Baba ya fita. Ta tura ƙofar ɗakin a hankali, sai ta ji tsit, ga sanyi kamar an yayyafa ruwa. Umma tana kwance ta fuskanci tagar, babu ɗaurin kai, tana barci har da ɗan minshari. Tun da Auta ta yi wayo ba ta taɓa ganin fuskar uwarta a sake haka ba. A kan tebur ga ƙwayoyin mai kemis, ko ɓare su ba a yi ba.

Ta zauna a bakin gado har Umma ta buɗe ido.

"Umma, ke kika kira shi."

Umma ta tashi zaune, ta jawo ɗankwali tana murzawa. Hawaye suka zubo.

"Ranar da ya kawo miki saƙo ba kya nan, ya tarar da ni kai a ɗaure. Ya tambaya, na ce ƙarar nan ce da zafin nan. Ni na ce masa ko irin tagar taku za ta yi magani. Ni na buɗe masa ya auna, ni na kira shi da babanku ya tafi. Na ce ya rufa mini asiri."

"Me ya sa ba ki gaya wa Baba ba, duk shekarun nan?"

"In ce masa me? Tagar da ya yi mini ina amarya, yana yi yana waƙa, in ce ta tsufa, tana kashe ni? Na zaci in ya dawo ya ji sanyin ɗakin zai yi faɗa kwana ɗaya ya huce. Da na ga yadda ya hau, sai bakina ya mutu."

Auta ta ji tausayi, amma wallahi haushin ya fi yawa. Uwa ce, ba ta ɗaga mata murya ba, sai dai maganar ta fito da zafinta.

"Umma, ɗan mutane yana can yana shan zagi saboda ke. Ni ma na zage shi. An raba ni da shi a gabanki kina ji. Ni ba zan faɗa wa Baba ba, ba maganata ba ce. Amma ki sani, in ya cire gilashin nan ya tafi, ya tafi da barcinki, ya tafi da aurena."

Ta fita tsakar gida ta rubuta wa Dogo: "Na sani. Kai wawa ne, mai biskit. Wawa mai amana. Amma ba ka fita daga laifi ba: Umma ta ce ka sa taga, ba ta ce ka sa wadda ba ta buɗuwa ba. Ka tambayi abin da Baba yake yi da tagarsa?"

"Ban tambaya ba. Na zaɓi wadda ta fi kyau a wurina. Wannan kam laifina ne na gaske. Don Allah kada ki tona Umma."

Asabar da hantsi Dogo ya iso. Ya sauko da tsohuwar tagar a naɗe cikin bargo, ya jingine ta a hankali, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa da hanci. Tela da ɗansa suna tsallaken titi, wai inuwa suke sha.

Dogo ya yanke gam ɗin, ya kwance ƙusoshin, Baba na tsaye a kansa yana zuba masa magana. Da ya rungumo gilashin ya zare shi daga bango, sai ƙarar injin niƙa da hayaƙin mota da hucin rana suka afko ɗakin gaba ɗaya. Auta ta ga Umma ta runtse ido, hannunta ya tafi neman ɗankwali. Ta fara ɗaurawa, ta kai rabi, sai ta tsaya.

"Malam."

"Bari in gama da yaron nan tukuna."

"Malam, ni na sa shi."

Baba ya juyo. Umma ta durƙusa, ta faɗi komai, tun daga awo har kiran waya. Ta ce ciwon kan nan da ya sani, tagar nan ce rabinsa. Ta ce kwanakin nan da gilashin yake bango su ne kaɗai kwanakin da ta yi barcin rana tun haihuwar Auta.

Baba ya nemi kujera ya zauna. Ya dubi ɗankwalin da ke hannunta, ya dubi ramin bangon.

"Shekara da shekaru kina kwana da ciwo a gefena, kika kasa buɗe baki? Ni dodo ne? Katako ne fa! Da kin faɗa da na ƙone ta na dafa miki ruwa da ita!" Idonsa ya kawo ruwa, ya juya haushin kan Dogo. "Kai kuma, ina ta wanke ka tas, me ya hana ka cewa aike ka aka yi?"

"Umma ta ce in rufa mata asiri, Baba. Kuma wadda ba ta buɗuwa ni na zaɓa, ban tambayi kowa ba. Wannan zagin na cancance shi."

"Ka cancance shi mana! Har gobe ka cancance shi."

Ya miƙe ya yaye bargon da ke kan tsohuwar tagar. Ya bi ta da yatsa. An zare ta ba a tsaga ko'ina ba, an goge ta, har sakatar an sa wa mai. Ya taka zuwa gilashin, ya kama gefensa ya ɗan ɗaga, sai ya ɗaga gira.

"Uku ne a nan? Ya na ji bai yi nauyin uku ba?"

"Na tsakiyar siriri ne, Baba," in ji Auta. "Shi ya sa."

"Katako zai ɗauke shi?"

Dogo ya buɗe baki, Auta ta harare shi, ya rufe. Ta ce, "In kafintan ya iya aikinsa, zai ɗauka."

"Ji 'yar banza! Ɗauko mini akwatin kayan aikina." Ya leƙa ta ramin bangon ya ƙwala kira. "Tela! Munafuki, tsallako! Ka ga abin da ya hana ni jin sallamarka. Zo ka riƙe mini tef, in ka iya awon da ba na wando ba."

Tela ya tsallako yana borin kunya. Mai kemis kuwa ya tuna ya bar shago ba kowa.

Aka mayar da gilashin na wucin gadi don Umma. Baba ya sayo katako mai kyau, ya yi sabon firam mai ganye biyu, gwiwar ma ta manta da ciwo. Auta ta haɗa gilasai biyu daidai awonsa, Dogo ya sa robar da ke hana iska shiga ta gefe, kuma kafin ya murɗa kowace ƙusa sai ya ce, "Baba, a nan?" Har Baba ya gaji ya ce, "Kai, na ce ka riƙa tambaya, ban ce ka kashe ni da ita ba!" Da safe a buɗe wa Tela, rana na ɗagawa Baba da kansa yake tashi ya rufe wa Umma.

Ranar da aka gama, Baba ya kira Dogo gaban Tela.

"Na ƙwanƙwasa ka, na ji ƙararka. Kana da karambani, wannan Auta za ta yi maganinsa. Amma wanda ya yarda ya rasa abin da yake so don kada matata ta ji kunya, ba zai tozarta mini 'ya ba. Turo manyanka."

Auta tana bayan ƙofa, ta toshe baki da mayafi. Wayarta ta yi ƙara: "Autata, na tambaya an ba ni. Saura ke. Za ki aure ni?"

"Sai yanzu ka tuna da ni? Zan aure ka. Amma ko labule ba za ka rataya a ɗakina ba sai ka tambaye ni."

"Ko ƙusa, ranki ya daɗe."

Aka ɗaura aure, Tela ne ma ya yi ɗinkin ango, kuma Baba ya rantse hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da za a tafi da amarya aka kai ta ɗakin iyayenta. Baba ya dafa kanta ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su ga jikokinsu. Ya juya yana gyaran sakatar da ba abin da ya same ta.

Auta ta durƙusa gaban Umma tana jiran abin da ake gaya wa kowace amarya, a yi haƙuri, a yi shiru, a danne zuciya. Umma ta rungume ta, ta kai baki kunnenta.

"Ki yi haƙuri da shi, amma kada ki yi irin shiruna. Duk abin da ya dame ki, ki faɗa masa tun da rana. Allah ya yi miki albarka."

Auta ta fashe da kuka, ta ce amin. Daga bayansu Baba ma ya ce amin, da ƙarfi, don wannan karon ya ji.